Yadda Ake Ƙera Kambun Gasar Waƙa da Tagulla, Daga Zane Har Hannun Mawaƙi

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin shirya bikin karrama mawaƙa ya san inda ake yin tuntuɓe. Za a kama zaure, a buga katin gayyata, a kwana ana ja-in-ja kan wanda zai zama babban baƙo, sai ana saura kwana huɗu wani ya dafe kai ya ce, "Af, kambun fa?" Daga nan a ruga kantin kayan wasanni a kwaso kofunan roba masu ruwan gwal, irin waɗanda ake ba 'yan firamare ranar tsere, a liƙa musu takarda. Mawaƙi ya karɓa yana yaƙe, ya kai gida ya cusa a bayan kwaba.

Idan kana son kambun da za a ɗora a kan tebur a tsakiyar falo, wanda za a gane na gasarku ne tun daga nesa, to ka ware wata 3 cur kafin ranar biki. Hanyar da zan bi da kai ita ce ta zubin tagulla da kakin zuma (a siffanta abu da kaki, a rufe shi da yumɓu, a narkar da kakin ya fita, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa), wadda maƙeran unguwar Igun a birnin Benin suka shahara da ita, kuma da ita maƙeran azurfa na Agadas ke zuba sarƙoƙinsu. Ba lalle ne kai za ka riƙe awartaki ba. Amma in ba ka san yadda aikin yake tafiya ba, ba za ka san abin da za ka nema wurin maƙeri ba, balle ka gane inda aka yi maka ha'inci.

Fara da ƙidaya

Rubuta rukunonin da za a ba kyauta, ka ƙara biyu a kai. Ɗaya don kunnen doki ko wanda ya lalace a hanya, ɗaya kuma ya zauna a ofis ya zama abin kwatance na baɗi. Ka kuma yanke shawara tun yanzu: sifa ɗaya za ku riƙe har abada, ko za ku riƙa canjawa? Kyautar Grammy ta Amurka tun da aka fara ta a 1959 garmaho ne tambarinta. Ta Brit ta Ingila kuwa ta yi shekaru tana ba fitattun masu zane su sake fasalin kambunta, har da Zaha Hadid a 2017 da David Adjaye a 2019. Ni dai ga sabuwar gasa, ina ganin riƙe sifa ɗaya ya fi. Mutane su saba da ita tukuna, kuma kuɗin mazubi sau ɗaya za ku biya.

Abin da kambun zai kamanta

Nan ne ya kamata kwamiti ya ɓata lokaci, don kuskuren nan ba ya gyaruwa da magagari.

Makirfo da alamar kiɗan Turawa sun cika kasuwa, kowa da su yake yi. Muna da kayan kiɗa masu kyawun sura, sai dai kowanne da gidansa. Kakaki da tambari na sarauta ne. Ka ɗora su a kambun da za a miƙa wa mai waƙar soyayya, sai ka ji manya suna gunaguni, kuma da gaskiyarsu. Kotso na makaɗan fada ne, da shi aka san Narambaɗa. Kuntigi da an gan shi sai a tuna Ɗanmaraya Jos, don haka ya fi dacewa da kyautar da aka keɓe wa mai waƙa shi kaɗai. Goge da gurmi suna da dogon wuya siriri, wanda a ƙarfe shi ne farkon abin da zai lanƙwashe idan kambu ya faɗi.

Sannan ka guji mutum-mutumi. Gidaje da yawa ba za su ajiye surar mutum a ɗaki ba, kuma ba ka so wanda ka karrama ya rasa inda zai kai kyautarsa.

Kalangu na zaɓa a wannan bayani. Na jama'a ne, daga mahauta har gidan biki, da shi Mamman Shata ya yi zamaninsa, kuma yana da wata baiwa da mai zane zai yi murna da ita: ƙugunsa a tsuke yake, daidai kamun hannu. Ka tuna mawaƙi da hannu ɗaya zai ɗaga kambun, ɗayan yana riƙe da makirfo, ga babbar riga tana zamewa daga kafaɗa. Abin da ba shi da mariƙi wahala ne a kan dandamali.

Zane da gwaji

Zana shi a takarda da ainihin girmansa, ta gaba, ta gefe, da ta sama, ka rubuta awo a jiki. Ga awon da ke yin kyau: kalangu a tsaye mai tsawon santimita 18, faɗin kowane baki santimita 7, ƙugu santimita 4, a kan gindin katako mai tudun santimita 6 zuwa 7. Duka-duka kusan santimita 25 ke nan. Ya isa a gan shi a hoto, bai kuma kai ya rufe fuskar mai riƙe da shi ba.

Kafin ka kashe ko sisi a kan ƙarfe, sa kafinta ya gurza maka shi da katako a injin da suke fitar da ƙafar kujera. Ba mace mai ƙaramin hannu ta riƙe, ba ƙato ya riƙe. Ajiye shi a ƙarshen tsakar gida ka ɗauki hoto da waya. In ba a gane kalangu ne ba a hoton, ƙananan adon da ka zuba ba su da amfani, surar ce ke son gyara.

Tsarkiya ita ce matsala. A kalangun gaske daga baki zuwa baki take tafiya a sarari, ta rufe ƙugu. In ka kwaikwayi haka da wayar tagulla, ka toshe mariƙin, kuma ƙura za ta samu gida. Abin da ya fi shi ne a fito da ita a matsayin layuka masu tudu da ke bin jikin gangar, kamar guda 12 zuwa 16. Makaɗi kuwa, wato ɗan sandan nan mai lanƙwasa, kada a bar shi yana reto a iska. A kwantar da shi a jikin gangar ya kama ta wuri biyu.

Sai maganar nauyi, wadda mutane kan manta. Tagulla tana da nauyin kusan giram 8.5 a kowane ɗan dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, ninki uku na alminiyon da ɗan ɗoriya. Kalangu mai awon can na sama, in aka zuba shi a cushe, zai haura kilo 3 da rabi. Wannan dutsen guga ne, ba kambu ba. In aka bar cikinsa rami, kaurin bango milimita 3 zuwa 4, zai tsaya a kilo 1 da 'yan kai. Shi muke so.

Uwa da mazubi

Wanda aka amince da shi daga cikin gwajin katakon nan shi zai zama uwa, wato wanda za a kwafi sauran daga jikinsa. A liƙa masa layukan tsarkiya da makaɗi, a toshe duk wani rami, a goge shi sumul, a shafa masa fenti. Duk tabon da ke jikin uwa sai ya fito a jikin 'ya'ya, kowannensu. In kana da mai zanen kwamfuta, ana iya fitar da uwar da injin buga siffa na roba, amma sai an goge layukan da injin ke bari. A ƙara mata girma kaɗan, kamar kashi 2 cikin 100, saboda kaki yana ƙanƙancewa idan ya huce, tagulla ma haka.

Maƙeran gargajiya da hannu suke gina kowane kaki, shi ya sa ba ka samun guda biyu iri ɗaya sak. A kayan ado wannan abin so ne. A kambun gasa kuwa rigima ce, don ranar biki za a jera su a tebur, kuma wani zai ce nasa ya fi gajarta. Maganin abin shi ne mazubin silikon, wata irin roba da ake zubawa ruwa-ruwa ta daskare ta ɗauki siffar uwa. Ana binne rabin uwa a yumɓu, a kewaye da akwatin katako, a danna 'yan ramuka a yumɓun don rabi da rabi su riƙa haɗuwa daidai, a kwarara ruwan silikon a bar shi ya kwana. Gobe a juya, a cire yumɓu, a shafa man basilin a fuskar silikon ɗin don kada sabon ya manne da tsohon, a zuba ɗaya rabin. Sai a yi masa riga da garin fi'ofi, irin na silin, don ya tsaya da ƙarfinsa.

Aikin kaki

Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 63, don haka ba ya son wuta mai ƙarfi. A narka shi a gwangwani cikin tukunyar ruwan zafi. Wasu na gauraya shi da kyandir don ya yi tauri ya kuma yi auki. A ɗaure mazubi, a zuba kaki, a jujjuya ya bi ko'ina, a tsiyaye sauran. A jira ya sha iska, a sake. Sau uku ko huɗu, har bango ya kai kaurin da ake so. Idan aka buɗe, sai ga kalangun kaki mai rami a ciki. A kankare layin haɗi da wuƙa mai ɗumi.

Auna kowane kaki a sikeli ka rubuta. Nan ne za ka kama bambanci tun kafin a ɓata ƙarfe: wanda ya fi sauran sauƙi sosai bangonsa ya yi siriri, a mayar da shi tukunya. Nauyin kaki sau 9 shi ne kusan nauyin tagullar da zai ci, sai a ƙara na hanyoyin zubi. Da wannan lissafin za ka san yawan ƙarfen da za ka saya, ba sai an faɗa maka ba.

A cika ramin ciki da yumɓu da aka cuɗa da yashi mai laushi da garin gawayi, a bar shi ya bushe. A soka ƙananan ƙusoshi huɗu ko shida su ratsa kaki su shiga wannan cikon, kawunansu a waje. Aikinsu shi ne riƙe cikon a tsakiya bayan kaki ya narke ya fita. In babu su sai ya faɗa gefe ɗaya, kalangu ya fito da ɓula. Sai a liƙa sandar kaki mai kaurin yatsa a gindi, ita ce maƙogwaron da ƙarfe zai bi, da wasu sirara biyu ko uku da iska za ta fita. A gindi ake sa su don tabonsu ya ɓuya a cikin katako.

Daga nan a rufe kakin da yumɓu, kuma rufin kashi biyu ne. Na farko ruwa-ruwa, mai laushi kamar kunu, da garin gawayi a ciki, ana shafa shi da burushi ya shiga kowane lungu, don shi ke ɗaukar zanen. Bayan ya bushe a ƙara sau biyu. Na biyu mai kauri ne, an cuɗa shi da kashin jaki ko ƙaiƙayi, wanda ke hana shi tsagewa ya kuma bar masa ƙofofin numfashi idan ya ƙone. A inuwa ake shanya shi, kwanaki. Da hunturu a lulluɓe da buhu, don iskar tana tsaga shi. Da damina kuma ka ƙara mako guda a lissafinka.

Ranar zubi

A kifa mazuban yumɓun a kan wuta kaki ya tsiyaye, a tare shi a kwano don yana sake amfani. Sai a ƙara wuta har yumɓu ya yi ja, hayaƙi ya daina fita daga bakinsa. Wannan gashin ba a yi masa gaggawa. Ɗigon ruwa ko ragowar kaki in ya haɗu da narkakken ƙarfe, tururi ne zai taso ya watsa shi a jikin mutane.

Tagullar da muke nufi ita ce mai ruwan ɗorawa, gamin jan ƙarfe da tutiya, tana narkewa a sama da digiri 900 kaɗan. Yawancin maƙera tsofaffin kaya suke narkawa: kan famfo, kwaɗo, makullai. Babu laifi, amma da sharaɗi biyu. A bi tarin da maganaɗisu a tsame baƙin ƙarfe. Sannan a narka na duka kambunan daga tari ɗaya, in da hali a fara haɗe shi a zuba sanduna, daga nan a riƙa ɗiba. In ba haka ba, wani zai fito ja-ja, wani fari-fari, kuma babu gogen da zai daidaita su.

A fili ake wannan aiki. Farin hayaƙin da ke tashi daga tukunyar tutiya ce ke ƙonewa, shaƙarsa na kawo zazzaɓi da ciwon jiki da dare, ga shi tsofaffin kawunan famfo sukan ƙunshi dalma. A tsaya ta inda iska ke fitowa. Takalmin fata rufaffe, tabarau, safar hannu ta fata, ba silifa ba, ba rigar leda ba, kuma a kori yara. In kai mai ba da aiki ne, tsaya nesa ka yi kallo.

A kafa mazuban cikin busasshen yashi tun suna da zafi, baki a sama. A kwashe dattin da ya taso a kan ƙarfe, a zuba a tashi ɗaya ba tsayawa har ya leƙo ta kafofin iska. In aka tsaya aka ci gaba, wurin haɗuwar zai bar layi kamar tsagewa. A bar su su huce da kansu, sannan a fasa yumɓu. Ka sa a ranka ba duka za su fito lafiya ba. Shi ya sa ake yin kaki fiye da adadin da ake bukata.

Gyara da goge

Abin da zai fito daga yumɓu baƙi ne, mai kaushi, har sai ka yi zaton an cuce ka. Rabin aikin yanzu ya fara. A yanke hanyoyin zubi da zarto, a zare ƙusoshi, a ƙwaƙule cikon yumɓu ta gindi, a toshe ramukan da waldar tagulla daga irin ƙarfen. Sai magagari, sai sanfefa daki-daki: lamba 120, 240, 400, 600, har 1000. Kada a tsallake lamba, don ƙarcen da ta 120 ta bari ta 600 ba ta iya share shi, kuma fitilar dandamali tana tona asirinsa. Daga nan injin goge da sabulun ƙarfe.

Wata dabara: kada a goge ko'ina ya yi ƙyalli. A bar tsakanin layukan tsarkiya da duhu-duhu, a haska tudun kawai da bakunan gangar. Haka sura ke fitowa a hoto. Wanda ya yi ƙyalli gaba ɗaya, kyamara na haska shi sai ya zama dunƙulen haske.

Za a ce maka a yi masa ruwan zinare. Masu Grammy suna yi: a wani ƙaramin gari mai suna Ridgway a jihar Kolorado ake zuba nasu da gamin tutiya, sannan a yi masa ruwan zinare mai karat 24. Amma su ƙarfensu fari-fari ne, dole a rufe shi. Tagulla da launinta ta zo. A wanke maiƙon goge da sinadarin tsinka fenti, a riƙe da safar hannu, a fesa banish marar launi sau biyu ko uku, siriri-siriri. In aka bar shi haka nan, zufar hannu za ta dusashe shi cikin 'yan makonni.

Gindi da allon suna

Maɗaci ya fi dacewa, ja ne mai duhu, yana ɗaukar goge, yana kuma fito da ruwan tagulla. Sharaɗin dai ya zama busasshe sarai. Ɗanyen katako zai tsage da zarar hunturu ya kama. Faɗinsa kada ya gaza santimita 10. A haɗa da noti, ba da gam ba: a yi waldar dogon ƙusa mai zare a gindin kalangu, ya ratsa katako, a ɗaure ta ƙasa cikin rami, a ƙara ɗan ƙaramin ƙusa a gefe don kada ya riƙa juyawa. A rufe ƙasan da jar fatar akuya irin ta Sakkwato, ta ɓoye notin ta kuma hana shi ƙarce tebur. Gwada shi: ɗora a tebur ka ture kansa da yatsa. In ya yi saurin kifewa, a faɗaɗa gindi ko a cusa masa ƙarfe a ciki.

Allon suna ɗan falle ne na tagulla da ake kafawa da ƙananan sukurori biyu. Sunan gasa, shekara, da rukuni su za a sassaƙa tun da wuri. Sunan wanda ya ci kuwa a bar shi sai bayan biki. A Grammy ma waɗanda ake miƙawa a dandamali ba su da suna, daga baya ake aika wa kowa nasa. Da haka sirrin alƙalai ba zai fita ta shagon mai sassaƙa ba.

Ka kula da haruffanmu masu ƙugiya. Na taɓa ganin allon da aka rubuta "Gwarzon Mawaƙi", injin bai san ƙ ba, sai ya sassaƙa ɗan akwati a wurinta, kuma ba wanda ya lura sai a zauren biki. Tura rubutun a matsayin zane, ba rubutun waya ba, ka sa a fara gwadawa a kan kwali, mutum biyu su karanta su sa hannu. Ka kuma tambayi mawaƙin da kansa sunan da yake so, na yanka ko na sana'a.

In kuɗi bai kai na tagulla ba, mazubin silikon ɗin nan dai zai yi aiki: a zuba ruwan roba mai daskarewa da aka gauraya da garin tagulla, a sa ƙarfe a ciki don nauyi. Masu zuba tukwanen alminiyon a yashi ma za su iya fitar da shi rabi-rabi a haɗa, sai dai ƙananan layuka ba za su fito da kaifi ba.

Yarjejeniya da ajiya

Tun ranar farko ku rubuta da maƙeri: adadi, nauyin kowanne, ranar kawo na gwaji guda ɗaya, ranar kawo sauran. Kada a ci gaba sai kwamiti ya riƙe na gwajin a hannu ya amince. Ku biya kashi-kashi. Abu mafi muhimmanci, a rubuta cewa zane da uwa da mazubi na masu gasa ne, za a dawo da su, kuma ba za a zuba wa wani irinsa ba. In ba haka ba, wata rana za ka tarar da kalangunku a teburin mai sayar da kayan tsaraba.

A buga lamba da shekara a ƙarƙashin kowane kambu, a shigar a littafi tare da sunan wanda ya karɓa. Kowanne a naɗe shi da ƙyalle mai laushi cikin akwatinsa, kada a haɗa biyu wuri ɗaya a mota. Mazubin silikon kuwa a wanke shi, a mayar da uwar cikinsa don kada ya lotse, a ɗaure, a ajiye inda rana ba ta kaiwa. A cikin kwalin a saka takardar awo, nauyin kaki, da guntun tagullar da aka yanke daga maƙogwaro, wanda maƙeri zai kwatanta launi da shi idan an zo zubin baɗi.